Ga Matasan Malamai Masu Shirin Kafa Ƙungiyar Karatu

Ɗiyar ƙanena, wadda ta gama kwalejin ilimi ba da jimawa ba kuma aka ba ta koyar da Turanci a wata ƙaramar sakandare a nan cikin garin Bauchi, ta zo gaishe ni riƙe da wata takarda tana ta murna. Shugaban makarantarsu ya amince ta kafa ƙungiyar karatu ta yaran aji ɗaya zuwa aji uku, ita kuma ta zauna ta tsara dokokinta. Ta ce, "Baffa, don Allah ka duba mini, tunda ka taɓa riƙe irinta." Na sa tabarau na karanta. Ba za a yi magana da wani harshe ba sai Turanci. Kowane yaro zai riƙa kawo taƙaitaccen bayanin abin da ya karanta a rubuce, a ba shi maki. Wanda ya yi fashi sau biyu an sallame shi. Littafi kuwa ba zai fita daga harabar makaranta ba. Jikina ya yi sanyi, domin da za a tono takardar da na manna a ƙofar ajina a shekarun 1990, da ƙyar a sami bambanci tsakaninta da wannan. Ban iya ce mata komai ba sai "Allah Ya taimaka," saboda ban so in rage mata hanzari. Abin da na kasa faɗi ne nake rubutawa, dominta da sauran tsararrakinta.

Ƙungiyar da na kafa ta fara da ƙarfinta. Ranar taron farko benci ya yi kaɗan, har wasu suka tsaya a bakin taga suna leƙe. Littattafan da muke da su ba su cika kwali biyu ba. Wasu na roƙo su daga wani tsohon malami da ya yi ritaya, sauran kuma na saye su kaɗan-kaɗan daga albashina, a lokacin da albashin malami ba ya kai shi tsakiyar wata. Na sa kafinta ya gyara wani tsohon kabad, na sayi kwaɗo na maƙala, na rataya makullin a cikin makullan gidana. Daga wannan kwaɗo ɓarnar ta soma. Littafi ba ya fitowa sai ina nan, kuma da an tashi taro ake ƙirga su a mayar. Yaron da ya kai tsakiyar labari, ransa yana son sanin abin da zai faru, sai ya jira mako guda kafin ya sake ganin shafin, in kuwa an yi rashin sa'a ina da taron malamai ko wata sabga ta gida, jiran ya zama mako biyu.

Ina da hujjata, kuma har yau ban ga laifinta gaba ɗaya ba. Wanda bai taɓa cire kuɗin cefane ya sayi littafi ba, ba zai san zafin ganinsa ya dawo da tabon manja ko an yage bangonsa an yi ƙunshin ƙosai ba. Gidaje da yawa ba su da wurin ajiya, ga ƙanne masu ɓarna, ga ɗigar ruwa da damina. Shugaban makaranta kuma yana neman lissafin kowane littafi a ƙarshen zango. Amma duk wannan bai kai nauyin abin da na gani ba, lokacin da na buɗe kabad ɗin bayan ƙungiyar ta daɗe da mutuwa, za a canja mini makaranta. Gara ta hau ta bayan katako ta gina hanyarta da jar ƙasa, ta cinye tsakiyar littattafan, ta bar bango a tsaye kamar lafiyayyu. Da na ɗaga na farko sai gari ya zubo mini a ƙafa. A cikinsu akwai waɗanda ko sau ɗaya yaro bai karanta su har ƙarshe ba.

Kwaɗon ma da sauƙi a kan abin da na yi da harshe. Na hana Hausa a taron, na naɗa monita mai rubuta sunan duk wanda bakinsa ya suɓuce, a ci shi tara. A nan ma ba haka kawai na yi ba. Manufar ilimi ta ƙasa a wancan lokacin ta tanadi a koyar da yaro da harshen da ke kewaye da shi a shekaru uku na farkon firamare, daga aji huɗu a koma Turanci, amma abin da yake faruwa a makarantu da yawa shi ne yaro ya fito bai ƙware a ko ɗaya ba. Sai ya zo mana aji ɗaya na sakandare yana haɗa baƙi da ƙyar, alhali jarrabawar da ke jiransa a ƙarshen aji uku kusan dukkanta da Turanci ake yinta. Na ɗauka taimako nake yi. Abin da ya biyo baya shi ne shiru. Yaran da suke cika filin makaranta da gardama a kan ƙwallo da kokawa, da sun shigo taron sai kowa ya sunkuyar da kai, saura 'yan ƙalilan da iyayensu ma'aikata ne, waɗanda dama suna da littattafai a gida kuma ba su ne suka fi bukatar ƙungiyar ba.

Akwai wani yaro da har gobe nake ganin fuskarsa. Daga wani ƙauye yake tahowa a kan keke, kuma yana karatu ne da yatsa a kan layi, leɓɓansa suna motsi. Ya fi kowa zuwa da wuri. Wata rana na tashe shi ya karanta a bayyane, na riƙa tare shi a kan kowace kalma ina gyara masa lafazi, sauran suna ƙunshe dariya, shi kuma gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan shafin. Bai kai ƙarshen sakin layin ba na ce ya zauna. Bai sake zuwa ba, ni kuma na soke sunansa daga rajista bisa dokar fashi, ina ganin na tsayar da doka. Gyaran lafazin daidai ne, kuma wani ne dole zai gyara masa wata rana. Sai dai ba a gaban tsaransa ba, kuma ba a wurin da ya zo don ransa yana so ba.

Sai batun littattafan Hausa na soyayya, waɗanda a wancan zamani suke kwararowa daga Kano, ana bayar da hayarsu a kasuwa a kan kuɗi kaɗan. Na kama wata yarinya 'yar aji biyu da guda ɗaya, ta yi masa riga da bangon littafin lissafi, an ɗinke gindinsa da baƙin zare saboda yawan hannun da ya bi. Na ƙwace, na kai ta ofis, aka kira mahaifinta. Iyaye suna kuka da littattafan nan a lokacin, kuma lallai a cikinsu akwai waɗanda ba su dace da 'yar shekara goma sha uku ba. Ban janye wannan ba. Amma ban ko buɗe wanda na ƙwace ba balle in san abin da ke ciki. Daga baya ne na fahimci cewa yarinyar nan takan gama littafi guda a dare ɗaya da fitilar ƙwai, gari ya waye ta ba ƙawayenta labarin tiryan-tiryan, su yi ta musu a kan wanda ya fi gaskiya a cikin taurarin labarin. Ainihin abin da na kafa ƙungiya domin a yi, su suna yinsa a gindin bishiyar darbejiya lokacin tara, ni kuwa na hukunta jagorarsu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ɗan Bauchi ne ni, kuma tarihin garin nan ya isa ya hana ni wannan wauta. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, saboda an lura waɗanda suka koyi boko ba su da abin karantawa don nishaɗi. Ɗaya daga cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri shi ne Shaihu Umar, wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta yana matashi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma shi ɗin malami ne a makarantar Midil ta Bauchi, wato mai koyar da yara sa'o'in waɗanda nake hana wa Hausa. Mutumin da aka san shi a duniya da iya Turanci bai ga ƙasƙanci a rubuta labari da Hausa ba. A wajajen 1943 kuma, a garin nan, shi da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a Midil ɗin, suna cikin waɗanda suka raya zauren tattaunawa na Bauchi, inda masu karatu suke haɗuwa su yi muhawara a kan al'amuran zamaninsu. Na san duk wannan, na ma koyar da shi a aji, na sha kai yara ziyara kabarin Tafawa Ɓalewa, amma ban taɓa haɗa shi da abin da nake yi ranar taron ƙungiya ba.

Na yi niyyar jero shawarwari masu yawa, amma da na auna sai na ga 'yan kaɗan ne suke da amfani. Ku bar littafi ya tafi gida. Wasu za su ɓata, wasu za su dawo a yage, ku sa wannan a cikin lissafinku tun farko, ku kuma shaida wa shugaban makaranta tun kafin a fara. Ba ina nufin a yi sakaci ba. A ajiye littafin aro, yaro ya rubuta sunansa da hannunsa, wanda ya ɓatar kuma a bi shi har gida, domin ba za a raini yara a kan cewa kayan jama'a ba su da mai su ba. Na san maganganun biyu suna karo da juna. Ku dai ku karkata ga bayarwa.

Kada ku ba da maki, kada ku shigo da bulala, kada ku kori kowa saboda fashi. Yarinyar da ba ta zo ba wataƙila talla aka ɗora mata, yaron kuma lokacin girbi ne an tafi da shi gona. Ku sa taron ranar Alhamis, tunda Islamiyyu da yawa ba sa zama a ranar, kuma ku tashe su da wuri. Idan kuna son ku san ko yaro ya karanta, ku tambaye shi wa ya fi ba shi haushi a labarin, ku bar wani ya musa masa. Wanda bai karanta ba zai gane kansa ba sai an tona shi ba. Su yi musun da harshen da ya zo bakinsu. A ajinmu na Bauchi akwai Bafulatani da Bajari da Basayi da Bagere, kuma Hausa ce ta haɗa su. Ku fara da littafin Hausa mai daɗi, ku bi shi da na Turanci mai sauƙi, Turancin zai shigo a hankali.

A kan barin yara su zaɓi abin da suke so kuwa, bakina yana nauyi. Na ce na yi nadamar ƙwace littafin yarinyar nan, kuma na yi. Amma abin da ake turawa yau a WhatsApp da sunan labari, wanda ba edita ba mai tacewa, kowa ya rubuta abin da ya ga dama ya watsa, ba zan ce a buɗe masa ƙofar makaranta ba. Ku karanta kafin ku hana, ku karanta kafin ku yarda, in kun hana kuma ku miƙa wani a madadinsa nan take.

A nan ne kuma nake jin haushinku, ku matasan malamai. Na tambayi da yawa daga cikinku littafin da suka karanta na ƙarshe wanda ba na jarrabawa ba, sai a yi ta sosa ƙeya. Kuna zaune a ɗakin malamai kowa ya duƙufa a kan waya, daga TikTok zuwa Facebook, awa guda ta wuce ba a ɗaga kai ba, sannan ku fito kuna cewa yaran yanzu ba sa son karatu. A wurin wa za su gani? Mu da muka yi kuskuren da na zayyana, aƙalla muna karatu, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo guda ɗaya sai ta zaga ɗakin malamai har ta yi laushi. Wasunku ma ba don yaran suke son kafa ƙungiyar ba, sai don a ɗauki hoto ranar buɗewa a sa a intanet, a yi riguna masu tambari, bayan wata guda a manta. Wanda ya san ba zai iya karanta littafin da zai ba yara daga bango zuwa bango kafin ranar taro ba, ya bar wa wani ƙungiyar, ya je ya riƙe ta wasanni.

Wayar ma ba zan yi mata kuɗin goro ba, tunda na ga malamin da ya sa yara suka saurari karatun wani babi da ita, sannan suka nemi littafin da kansu. In za ta kai su ga takarda, a yi amfani da ita. Amma a ajiye ta a kan tebur idan an fara tattaunawa, ta malami kafin ta kowa, kuma idan yaro mai bin layi da yatsa ya ɗaga hannu zai karanta, a bar shi ya kai aya, gyaran ya jira sai an watse ku biyu.