Abin da nake fara dubawa a jikin bindigar ƙusa

Duk lokacin da wani ya nemi shawarata a kan bindigar ƙusa, wato na'urar da take harba ƙusa cikin katako a madadin guduma, tambayarsa ta farko ita ce wacce ta fi ƙarfi ko wacce ta fi sauri. Ni kuwa nakan ce masa ya fara duba kunamarta, domin yadda take harbi shi ne abin da ya fi shafar lafiyar mai riƙe da ita.

Manyan nau'o'in kunamar guda biyu ne. Akwai wadda ba ta harbi sai an danna bakin bindigar a jikin katako tukuna, sannan a ja kunama, kuma kowace ƙusa sai an maimaita wannan tsari daga farko. Akwai kuma wadda mutum zai riƙe kunamarta a jaye, ya riƙa dungura bakin a jikin katako, ƙusa tana fita a kowace dungura. Ta biyun tana da sauri, shi ya sa masu haɗa katakon rufi suke sonta, amma idan bindigar ta yi tsalle bayan harbi ta sake taɓa katako, sai ta saki ƙusa ta biyu da ba a yi niyya ba. Haka nan idan ma'aikaci yana tafiya da yatsa a kan kunama, bakin ya taɓa cinyarsa ko jikin abokin aikinsa, harbi zai tashi. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na Amurka, OSHA da NIOSH, sun fitar da littafin jagora a 2011 inda suka nuna cewa raunin bindigar ƙusa yana kai mutane kimanin 37,000 sashen gaggawa na asibiti a kowace shekara a ƙasar, kuma haɗarin rauni da mai harbi a kowace dungura ya ninka na ɗayar sau biyu. A ganina, ɗan jinkirin da mai harbi ɗaya-ɗaya take jawowa bai kai a yi kasada da hannu saboda shi ba, musamman ga mai koyon aiki ko wanda yake kan tsani.

Bayan kunama sai a dubi aikin da za a yi. Babbar bindigar haɗa ginshiƙan katako tana ɗaukar ƙusa mai tsawon inci 2 zuwa 3 da rabi, ƙananan kuwa na ƙofa da kabad da adon bango ne, kuma a lambobin kaurin ƙusa, kamar 15 da 16 da 18, wadda lambarta ta fi girma ita ta fi siranta. Bindiga mai aiki da injin iska ba ta da nauyi a hannu, sai dai mesarta tana harɗe ƙafa, mai batir kuma ta fi nauyi amma ana shiga ko'ina da ita. Kankare da ƙarfe suna da tasu bindigar daban.

Hannun da yake riƙe katako ya fi kowace gaɓa shan rauni, don haka a nisanta shi daga wurin harbi da aƙalla inci 12. Ƙusa ba kullum take bin hanyar da aka nufa ba. Idan ta ci karo da ƙulli mai tauri a cikin katako ko wata tsohuwar ƙusa, takan lanƙwashe ta ɓullo ta gefe, a bakin katako kuma takan wuce gaba ɗaya ta tashi kamar harsashi. Saboda haka tabarau na kariya wajibi ne ga mai harbi da duk wanda yake kusa da shi. Kada a ɗaure ko a cire makarin da ke bakin bindigar, wanda yake hana ta harbi sai an danna shi a jikin katako, don neman sauri, kuma kada a haɗa ta da tukunyar iskar oksijin, domin tana iya fashewa. Idan ƙusa ta maƙale, a cire mesar iska ko batir kafin a sa hannu.

Idan kuwa ƙusa ta shiga jiki, kada a zare ta a wurin aiki. Sau da yawa tana shiga da gam ko guntun waya ko roba daga abin da ya haɗa jerin ƙusoshin, kuma zare ta da ƙarfi yana iya yaga jijiya. A bar ta yadda take, a tafi asibiti, a kuma tambayi likita game da allurar rigakafin tetanus.