Naɗin kan keke mai launi biyu, da abin da ya koya mini a rumfar maigidana

Sai da na shekara biyu a rumfar maigidana a unguwar Yelwa, cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, kafin ya yarda na taɓa tef ɗin naɗin kan keke. Kafin nan aikina faci ne, da ba taya iska, da wanke sarƙa da kananzir, da ɗaure birki. Yawancin kekunan da ke zuwa mana Phoenix ne, irin na China, masu ɗaukar buhu da jarka, na mutanen da ke kai kaya kasuwar Pitowa ran Lahadi. Su ma masu su suna son kwalliya: a naɗe musu jikin keken da tef ɗin roba ja da rawaya, a rataya tuntu a jikin madubi. Wannan kowane yaron rumfa yana yi. Aikin da Baba, wato maigidan nawa, yake yi da hannunsa shi kaɗai shi ne na kekunan tsere, masu kai lanƙwasasshe kamar ƙahon rago, wanda mutanen nan ke kira gidon da bakin Faransanci.

Irin waɗannan kekuna ba su da yawa a garinmu. Gwanjo ne daga Turai, suna sauka a tashar jirgin ruwa ta Duwala, su hauro arewa da tsohon naɗinsu a jiki. A jikinsu na fara sanin cewa tef iri-iri ne. Akwai na auduga, siriri, wanda 'yan tseren dā suka yi amfani da shi shekara da shekaru. Akwai na roba mai sheƙi irin na Benotto, da ya yi tashe a shekarun 1970 da 1980, yana da kyau a ido amma yana santsi idan hannu ya yi gumi. Sai mai kauri da taushi, wanda ya zo daga baya ya mamaye kasuwa. Baba yakan warware tsohon naɗi a hankali, ba ya yanka shi da reza, yana kallon yadda wanda ya naɗa shi a can wata ƙasa ya bi da kwana. Ya ce mini a nan ya koyi rabin abin da ya sani.

Ranar da ya miƙo mini aikin farko, keken wani malamin makaranta ne, mai son Coton Sport, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Garwa, kamar ransa. Kore da fari yake so, launin ƙungiyar. Naɗi mai sauƙi ne a cikin masu launi biyu: ka jera tef biyu gefe da gefe, ka tafi da su tare, su fito layi-layi kamar rawanin da aka murɗa. Na zauna a kan benci na yi shi cikin awa ɗaya, layukan suka fito daidai, kore, fari, kore, fari, har zuwa tsakiya, na rufe da skoc baƙi, wato tef mai gam. Masu zama a rumfar suka yaba. Baba yana can yana miƙe wani gare da ya karkace, ya ɗago ya duba daga nesa, bai ce kome ba.

Bayan kwana tara malamin ya dawo. Ɓangaren dama yana nan daram, na hagu kuwa ya saki, tef ya zame ya bar ƙarfe a fili daidai inda tafin hannu ke zama. Ya ce a gangaren da ke kusa da gadar Binuwai hannunsa ya zame, saura kaɗan ya faɗi gaban wata babbar mota mai ɗauke da auduga. Bai yi faɗa ba, kuma rashin faɗan nan ya fi yi mini ciwo. Na kasa haɗa ido da shi.

Da ya tafi, Baba ya kira ni. Ya ce, "Zo nan, yaro. Hau keken nan ka kama ƙasan ƙahon kamar mai gudu." Na hau na kama. Ya ce, "To, matsa da ƙarfi. Ina hannunka yake murɗawa?" Sai na ji da kaina: duk hannayen biyu waje suke murɗawa, na dama zuwa dama, na hagu zuwa hagu. Ni kuwa na naɗe ɓangarorin biyu ta fuska ɗaya, don haka hannun dama yana ƙara ɗaure naɗinsa duk lokacin da malamin ya matsa, na hagu yana kwance nasa. Ka'idar ita ce tef ya hau ta ciki ya faɗa waje a kowane ɓangare. Idan kana tsaye a bayan keken, na dama ya bi tafiyar agogo, na hagu ya saɓa mata. Na ce, "Baba, ai ka gani tun ran nan, me ya sa ba ka tsayar da ni ba?" Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce daga nesa ya duba, launi ya gani bai ga hanya ba, kuma laifin nasa ne da bai taso ya taɓa ba. Ban taɓa jin babba ya ɗauki laifi a gaban yaronsa haka ba. Da yamma shi da kansa ya je gidan malamin ya ba shi haƙuri.

Tun daga ran nan na daina fara aiki kafin na hau keken, ko na sa mai shi ya kama a gabana. Wani yana yini da hannunsa a sama kusa da tsakiya, wani a kan birki, wani a ƙasa, kuma inda hannu ya fi zama nan ne naɗi ke fara mutuwa. Daga nan ne ma na gane dalilin da ya sa ake farawa daga bakin ƙahon a haura sama, ba daga sama a gangaro ba. Kamar baibayar ɗaki ne: ciyawar ƙasa ake fara ɗaurawa, ta sama ta hau kanta, ruwa ya bi ya wuce. Haka kowane zagaye yake danne bakin wanda ya gabace shi, da kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin tef, hannu in ya zamo ƙasa sai ya kwantar da bakin maimakon ya ɗaga shi.

Naɗin da ake kira saƙa kuwa, wanda shi ne gwanintar Baba, sai bayan wata shida ya fara nuna mini. A nan tef biyun ba tare suke tafiya ba. Ɗaya ya bi dama, ɗaya ya bi hagu, su haɗu sau biyu a kowane zagaye, a saman ƙarfen da kuma ƙarƙashinsa. A haɗuwar farko kore ya hau kan fari, a ta biyu ya bi ta ƙarƙashinsa, kamar dai yadda mata ke saƙar tabarma da kaba. In an yi daidai sai gidaje masu kusurwa huɗu su jeru a kan ƙahon, kowane tsininsa yana kallon na gaba. Tef mai kauri ba ya yin wannan aiki, sai na auduga siriri, kuma dole biyun su zama faɗi ɗaya, kauri ɗaya. Na taɓa haɗa na auduga da na roba don launin da mai keke ya nace a kai. Zafin watan Afrilu, da yakan wuce digiri 40 a Garwa, ya sa robar ta saki ta miƙe, audugar ta tsaya inda take, gidajen suka karkace cikin mako biyu. Yanzu in launin da mutum yake so babu shi a auduga, gaskiya nake gaya masa, ko da zai tafi wata rumfa.

Wahalar saƙa tana kwana. A miƙaƙƙen wuri hannu yana sabawa, har kana iya hira kana yi. Amma inda ƙahon ya lanƙwasa, bayan kwanar ya fi cikinta tsawo, don haka tef yana cunkushewa a ciki yana buɗewa a waje. Sai ka riƙa ƙara danne shi a ciki, kana ja da ƙarfi a waje, kana kuma lura kada layin gidajen ya kauce daga tsakiyar ƙarfen. Kaucewar da ba ta kai faɗin ƙwayar gero ba a zagaye ɗaya, bayan zagaye goma ta zama gida guda ya koma gefe. Kuma babu gyara daga sama. Sai ka warware har zuwa inda kuskuren ya fara. Na tuna wata rana ana gab da kiran magariba, saura mini zagaye huɗu na gama, na hango gida na shida daga ƙasa ya ɗan kwanta. Ba wanda zai gani sai ya sunkuya. Na daɗe riƙe da tef ɗin a hannu, yatsuna suna zafi, sannan na warware. Baba yana alwala a bakin rumfa, bai juyo ba, amma da na zo wucewa ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Akwai ƙananan abubuwa da ba a gani, su ma a jikinsa na ɗauka. Guntun tef da ake liƙawa a bayan maɗaurin birki kafin a fara, don kada ƙarfe ya leƙo ta wurin. Toshiyar bakin ƙahon, wadda ba ya barin keke ya fita rumfa babu ita, ko da murfin kwalba ne aka sassaƙa, domin buɗaɗɗen bakin ƙarfe yana iya huda cinya ko ciki in mutum ya faɗi. Ƙarshen naɗi kuma ya fi son ya ɗaure shi da zare mai ƙarfi maimakon skoc, saboda gam ɗin skoc yana narkewa a ranarmu ya bar danƙo a hannu.

Abu ɗaya da ke damuna har yau shi ne maganar audugar kanta. Garwa ce hedkwatar Sodecoton, kamfanin audugar Kamaru, tun da aka kafa shi a 1974, a gaban rumfarmu motocin auduga ke wucewa duk kaka, amma tef ɗin naɗi na auduga sai an aiko mana daga Duwala ko an tsallaka Najeriya an nemo. Baba ya sami hanyarsa: yana sayen farin tef ɗin auduga a wurin masu kayan teloli, ya kai wa marina su rina masa kore ko shuɗi, ya shafa gam kaɗan a ƙarfen kafin ya naɗa. Ba shi da kyan na Turai a ranar farko, amma yana shan gumi, kuma yana jure rana. In mai keke yana so ya daɗe, sai a shafa masa shalak, wato ɗanƙon nan da wani ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, wanda kafintoci ke narkarwa da sifirit. Sai an gargaɗi mutum tukuna, don mai ruwan zuma yana mai da fari rawaya, shuɗi kuma ya koma wajen kore. Masu son Coton Sport ba sa yarda a taɓa musu farinsu, sun gwammace su dawo bayan damina a sake sabo.

Yanzu ina da tawa rumfar, da yara biyu. Makon jiya na ba babbansu naɗinsa na farko, ja da baƙi, na wani saurayi mai fita motsa jiki kan hanyar Pitowa bayan sallar asuba. Da ya gama ya ɗago keken yana nuna mini daga inda yake zaune. Na ajiye sifanar da ke hannuna, na taso, na hau keken, na kama ƙasan ƙahon da hannu biyu na murɗa waje. Dama ya riƙe, hagu ya riƙe. Na bi bayan birki da yatsa na ji ƙarfe ya leƙo kaɗan a ɓangaren dama, sai na ce masa ya kawo benci mu warware tare daga nan.