Kukan tsohon kare da dalilin da ya sa na ajiye aiki

Ƙarshen watan jiya na bar asibitin dabbobin da na daɗe ina taimaka wa likita a cikinsa. Abokan aikina sun san yadda aka yi, ba sai na tono komai ba. Amma akwai abin da nake so ya zauna a rubuce saboda yaran da ke zuwa koyon aiki daga makarantun lafiyar dabbobi na Vom da Zariya, kuma ya shafi tsofaffin karnuka, waɗanda a wurinmu babu marasa gata kamarsu.

Yawanci surutu ne ke sa a kawo tsohon kare asibiti. Ya yi shekara 9 ko 10 yana gadi, ba ya haushi sai da dalili, kwatsam sai ya fara kuka cikin dare, ya yi ta yi har asuba. Maƙwabta su kawo ƙara, matan gida su ce aljanu yake gani, wasu su ce kukan nan mutuwa yake kira. Sai a ɗauko shi a ce a yi masa abin da zai yi shiru. Ogan namu kuwa abin da aka zo nema shi yake sayarwa, wato acepromazine. Maganin nan jiki yake kashewa, amma ko kaɗan ba ya taɓa raɗaɗi. Kare zai yi lamo, mai shi ya samu barci, ciwon yana nan inda yake.

Wanda ya tsaya mini a rai wani babban kare ne jinsin Alsheshan, ɗan shekara 11, na wani Alhaji. Da hunturu aka kawo shi, mai gadin gidan, wani dattijo Buzu, yana riƙe da sarƙa. Alhaji ya shige ofis, ni kuma na tsuguna wurin dattijon.

"Baba, da wane lokaci yake farawa?"

"Ɗana, sai dare ya raba, sanyi ya sauko. In ya kwanta a kan siminti tashi ke gagararsa. Da rana in ya sha hantsi ba ka jin bakinsa."

Na shafa cinyoyinsa na ji naman ya zube. Na miƙar da ƙafar baya a hankali, sai ga kukan nan da ake ƙorafi a kai, shi ɗin dai sak. Na koma bayansa na tafa hannu, kunnensa ko motsi bai yi ba. Ga ciwon gaɓoɓi a ƙugu, wanda sananne ne a wannan jinsi, ga kurunta, kuma karen da ba ya jin muryar kansa ƙara ɗaga ta yake yi. Na shiga da ladabi na ce, "Yallaɓai, ina ganin ƙugunsa ne. Da za a gwada ƙodarsa, in lafiya lau sai a sa shi kan maganin raɗaɗin nan meloxicam." A gaban Alhaji oga ya dube ni ya ce, "Kai ne likitan ko ni?" Ya tura ni wanke keji.

Da aka dawo da karen ya fi da lalacewa. Maganin kashe jikin da oga ya ba shi ya hana shi ko juyawa, fitsari ya ci masa fata, gefen ƙugu ya yi gyambo. Alhaji ya tambaya ko dai haukar kare ce, tun da muryarsa ta sauya. Tambayar ba ta banza ba ce, don sauyin murya na cikin alamomin cutar, kuma a ƙasar nan tana kashe mutane. Sai dai karen da alamominta suka bayyana a jikinsa da wuya ya wuce kwana 10 da rai, wannan kuwa watanni ya yi yana kuka, ga katin rigakafinsa na shekara-shekara a cikin fayil ɗinmu. Oga ya san duk wannan fiye da ni. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ba a sani ba, gara a huta. Ni aka sa na riƙe masa ƙafa aka yi masa allurar ƙarshe. Da a ce da gaske yake zargin cutar, da ya aika da kan karen zuwa cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a gwada, da ya ce mutanen gidan su je asibiti a duba batun rigakafinsu. Ko ɗaya bai yi ba. Dattijon nan bai ce uffan ba, ya naɗe sarƙar ya fita. Mu da muka taso muna jin hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai kamata a ce a hannunmu aka yi wannan ba.

Tun daga nan na sa kaina sauraron muryoyin, kuma ba iri ɗaya ba ne. Kukan ciwo yana bin motsi: lokacin kwanciya, lokacin tashi, lokacin sanyi. Akwai na matsuwa, inda ciwon ƙoda ko na suga ke sa kare shan ruwa da yawa, sai fitsari ya kama shi cikin dare, shi kuma da ya saba ba ya ɓata makwancinsa sai ya yi ta kira. Akwai muryar da ta dishe, numfashi yana ƙara, wadda a manyan karnuka kan nuna maƙogwaro ya fara shanyewa. Wannan a zafin Maris da Afrilu yana iya kisa, domin da haki kare ke sanyaya jikinsa, don haka sai a cire masa sarƙar wuya a koma ɗaurin ƙirji, a ajiye shi a inuwa.

Mafi ban tausayi shi ne ruɗewar tsufa. Ƙwaƙwalwar kare tana tara irin dasƙararren sinadarin da ake samu a masu cutar mantuwa ta Alzheimer, sai ya zama kamar kakan da ke farkawa tsakar dare yana kiran mutanen gida don bai gane ɗakin da yake ba. Zai yini yana barci, ya kwana yana zagaye, ya shiga lungu ya kasa fita, ya tsaya yana yi wa bango haushi. Ba a yanke cewa ita ce sai an kawar da ciwo da kurunta da makanta tukuna. Akwai maganin selegiline da aka amince da shi a Amurka don wannan, amma mafi yawan sauƙin a gida yake: a bar masa fitila, kada a riƙa sauya masa wurin kwano da makwanci, abinci a kan lokaci, a zaga da shi da rana don dare ya same shi a gajiye, a ajiye masa tsohuwar rigar wanda ya saba da shi. Duka da tsawa ƙara ruɗa shi suke yi.

Daga baya an turo mana wata likita mai yi wa ƙasa hidima, ita takan saurara. Wata rana oga ba ya nan aka kawo karyar wani mafarauci da irin wannan kuka. Muka gwada ƙoda, ta rubuta magani, na nuna masa yadda zai ɗora tsohuwar katifa a kan katako a wurin da iska ba ta bugawa. Da ya dawo sai ya ce gidan ya samu barci, har ta fara raka shi bakin gona. Oga da ya ga katin cewa ya yi mun ɓata lokaci a kan wanda ba shi da kuɗi.

Sauran abin da zan faɗa wa masu zuwa koyon aiki kaɗan ne. Ku tambayi mai kare ko ya ba shi maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen ko diclofenac daga kyamis, don suna huda ciki, suna lalata ƙoda, kuma masu karnuka ba sa faɗa sai an tambaya. Ku buɗe baki ku duba haƙora. Babban kare tun yana shekara 7 ake fara lissafa shi cikin tsofaffi. In maigida ya shige ofis ku tsaya wurin mai gadi, shi ke kwana da karen. Abin da idonku ya gani kuma ku rubuta shi a kati da kwanan wata, ku sa hannu, ko da wanda ke sama da ku bai nema ba. Oga ya sha yi mini faɗa a kan haka, ban daina ba har na tafi.