Dannau da ke damun ƙanwata

Ƙanwata ta daɗe tana fama da dannau. Takan farka da asuba, idonta biyu, tana jin kiran salla, amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa, ga nauyi a ƙirji.

A matakin barcin da aka fi yin mafarki, wanda masana suka gano a Jami'ar Chicago a 1953, ƙwaƙwalwa kan tsayar da motsin gaɓoɓi, don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci sai hankali ya riga jiki farkawa. Numfashi dai ba ya tsayawa, kuma abin kan wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna.

Tsoron da take sha ne ya fi damuna. Ƙarancin barci da kwanciyar rigingine suna ƙara jawo dannau, shi ya sa yanzu take kwanciya ta gefe, da wuri.