Ƙafa ɗaya cikin 1,331

Laraba, dare ya raba.

Da kwamfutar nake wannan rubutun, tana kunne a gabana lafiya lau, fankarta ko tari ba ta yi. Amma duk layi biyu sai na danna ajiye, kamar wanda ke tafiya a kan gadar da ya ji ta yi ƙara.

Da niyyar alheri na tashi. Kusan wata biyu ke nan fankar na ihu da zarar na buɗe wani abu mai nauyi, sai na ce yau dai bari in kakkaɓe ƙura in sauya man da ake shafawa tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙarfen sanyayarta. Tun da na haɗa na'urar ban taɓa shi ba. Furosesar Ryzen 5 3600 ce, 'yar 2019, kuma har gobe ba ta gaza mini a komai ba. Ƙa'idar na san ta sarai: a bar na'urar ta ɗan yi aiki ta ɗau ɗumi don man ya saki, sannan a murɗa ƙarfen hagu da dama a hankali kafin a ɗaga. Sau nawa na karanta wa Auta wannan karatun. Ni kuwa da sanyinta na same ta, na kwance, na ja sama kai tsaye. Ina juya ƙarfen sai ga furosesa manne a gindinsa kamar kaska, ga makullin soket ɗin, wato gurbin da take zama, can a rufe yadda yake.

Har nan babu ɓarna. Sai da na sa farce zan ɓanɓaro ta ne ta suɓuce, ta bugi bakin akwatin, ta sauka kan tebur ta kusurwa.

Ƙafafu tara suka kwanta, duk a gefe ɗaya. Wanda bai taɓa juya irin wannan furosesar ya ga cikinta ba, ƙafafu ne siri-siri ruwan zinare, guda 1,331, jere reras kamar an shuka su da igiya. In ka karkata ta wajen haske, sahun da ke daidai sai ka hango hanya fes daga wannan gefe zuwa wancan. Wanda ya karkace kuwa shi kaɗai yake ƙyalli daban, yana nuna kansa.

Na ɗauko fensirin nan mai dannawa, na zazzage bakin da ke ciki, domin ramin tsininsa na milimita 0.5 yana shiga kan ƙafa ɗaya cif. Na jingina waya a kan littattafai, na ƙara girman hoton kyamara har ƙafafun suka koma kamar turaku. Sai in zura fensirin, in ɗan tura, in tsaya, in duba, in sake. Numfashi ma sai na riƙe shi. Bayan kowace ɗaya in zura reza tsakanin sahu in ji ko za ta wuce ba tare da ta tokare ba. Takwas suka miƙe, ba sambal ba, amma sun miƙe. Ta tara ita ce ta kwanta har ƙasa, kuma na wuce da ita wancan gefen, na ce bari in ɗan dawo da ita. Ƙarfe in an lanƙwasa shi gaba da baya taurare yake yi ya karye, wannan ma na sani. Ko ƙara ba ta yi ba. Na ɗaga fensirin kawai na ga wurin ya zama ɗan ɗigo, ƙafar kuma tana cikin bakin fensir.

Na fi minti goma zaune ban taɓa komai ba.

Daga nan na nemo taswirar ƙafafun AM4, irin soket ɗin furosesar, a intanet, wadda ke nuna aikin kowace. Da yawansu aiki ɗaya suke yi: ɗaruruwa na kawo wuta ne ko mayar da ita, ana rubuta wa masu mayarwar VSS, kuma in ɗaya ta tafi 'yan uwanta na ɗauke nauyin. Wasu kuwa kowace da saƙonta, na RAM (ma'ajiyar wucin gadi), na katin hoto, na USB, babu mai riƙe wa wata. Na ƙirga daga kusurwar da ke da ɗan alwatikan zinare, na faɗa kan VSS. Har na yi ajiyar zuciya. Sai wani tunani ya zo mini: taswirar nan ta fuskar soket aka zana ta ko ta cikin furosesa? Domin ɗaya madubin ɗaya ce. Na sake ƙirgawa a juye, na faɗa kan wata daban a yankin RAM. Na koma na farko, VSS. Idona ya fara ruwa, na bari.

Na saka ta. Irin wannan soket ba a danna masa komai, furosesar da kanta take faɗawa in ƙafafun na daidai. Tawa sai da na ɗan girgiza ta kafin ta zauna. Na kunna, fitilar DRAM, mai nuna matsalar RAM, da ke kan madabod, babban allon da komai ke haɗe a kai, ta kama ja ta tsaya. Na kashe, na ciro, na sake gyara ƙafa biyu, na mayar. Ta tashi, amma gigabait 8 na RAM ta gani cikin 16. Karo na uku duka 16 suka fito, CPU-Z, manhajar duba kayan cikin kwamfuta, kuma ya nuna layukan RAM biyun duk suna aiki. Na yi tsalle ni kaɗai a ɗaki, ba kunya. MemTest86, mai gwada lafiyar RAM, ya zagaya sau huɗu babu kuskure ko ɗaya. Prime95, mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi, awa guda, zafin bai ko kusanci digiri 95 ɗin da aka yanka mata ba. Sabon man ma ya yi aikinsa.

Ina cikin wannan murnar Yaya ya kira, kan wata magana daban, ni kuma bakina bai iya riƙe labari.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To yanzu ta tashi ko ba ta tashi ba?"

Na ce ta tashi, Yaya.

"To me ya rage?"

Na fara yi masa bayanin VSS da taswira da madubi. Ya katse ni da dariya. "Kai dai akwai ka da neman abin damuwa. Mutum ma yana rasa haƙori ɗaya ya ci gaba da tauna abinsa."

Na ce ai haƙori in ya fita ka san wanda ya fita, kuma ba ya sa ka faɗi wata kalma a maimakon wata ba ka sani ba. Abin da nake tsoro ke nan. Na'urar da ta ƙi tashi ta yi maka adalci, ta gaya maka gaskiya tun da wuri. Wadda ke tashi tana aiki, amma wata ƙafa tana taɓa soket da ƙyar, ita ce abar tsoro. Ƙarfe na buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, yau ta taɓa, wata uku nan gaba ta ɗan saki. In a layin RAM ne, lamba ɗaya tak za ta juye a cikin fayil, ba ƙara ba gargaɗi, sai ranar da ka buɗe ka tarar ya lalace.

Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "In ba ka natsu da ita ba, ka sayar ka huta mana."

Na ce in ce wa mai saye me?

"Ka ce tana aiki. Ƙarya ka yi?"

Nan fa ya ɗaure ni. Ba ƙarya ba ce. Ina ma da hoton sakamakon gwajin, kore shar. Kuma na san Yaya, ba mugunta yake nufi ba, a wurinsa abu ko dai yana aiki ko ba ya yi, babu na uku. Na ce in zan sayar sai na nuna gurbin ƙafar, wanda kuwa ya ga gurbin ba zai saya ba sai in shi ma mai son kasada ne. Ya ce to ka ba Auta, ai ya daɗe yana naci. Auta da ke tsakiyar rubuta aikinsa na ƙarshe a makaranta! Na ce wannan ai ya fi sayarwar muni. Ya ce, "Shi ke nan, zauna da abarka kuna kallon juna," ya koma kan abin da ya kira domin shi. Wallahi ban ma riƙe ko mene ne ba, gobe sai na sake tambayarsa.

Abin da ya tsaya mini a rai, kafin ya ce "ƙarya ka yi?" ni ma tunanin ya gifta mini. Tun lokacin da 16 ɗin nan ta fito. Shi ya faɗa da baki ne kawai, ni kuma na samu wanda zan yi wa wa'azi.

Garanti kuwa ba a maganarsa, ko da bai ƙare ba babu ruwansa da abin da ka karya da hannunka. Na ɗan yi wa kaina ta'aziyya da cewa da irin Intel ce, da tun 2004 suka mayar da ƙafafun cikin soket, ko AM5 ta 2022, magajiyar AM4 da ita ma ta yi haka, da faɗuwar nan ba ta karya komai ba. Sai na tuna da hannun da nake da shi yau, da a kan madabod ɗin zan yi ɓarnar.

Sauran yinin babu labari. Wanki bai samu ba. Saƙon Anti har yanzu ban amsa ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina kallon wani bidiyo, hoton ya daskare na kamar daƙiƙa uku, sannan ya ci gaba. Jiya da haka ta faru ko ɗaga kai ba zan yi ba, zan ce intanet ne. Yau sai da gabana ya faɗi. Na buɗe kundin da Windows ke rubuta kurakurai ina bin sa layi-layi, ban ga komai ba, kuma rashin ganin bai kwantar mini da hankali ba.

Ƙafar tana nan, na manne ta a ɗan salatif a gefen allon don kada ta ɓace, ban san amfanin da za ta yi mini ba. Na kwafe duk fayilolina zuwa wuri biyu. Ina gama wannan zan sake sa mata MemTest86 ta kwana tana yi.