Agogon da muke ɗaura wa layin wuta

Aikinmu ni da yarana shi ne haɗa agogo a tashoshin wutar lantarki, agogon da ke karɓar lokaci daga taurarin ɗan adam na GPS masu shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, kowanne ɗauke da agogon atom. Da wannan lokaci na'urar PMU, mai auna yanayin wuta a kan layi, take aiki. Tana auna wuta sau 25 ko 50 a daƙiƙa guda, kowane awo ta buga masa hatimin lokaci. Tsohon tsarin sa ido a kan layin wuta, wato SCADA, kuwa sai bayan daƙiƙa 2 zuwa 4 yake leƙawa sau ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. Wuta mai juyi 50 a daƙiƙa, digiri ɗaya na juyinta bai wuce maikirosakan 56 ba, wato kashi 56 cikin miliyan na daƙiƙa. Tazarar digiri tsakanin tashoshi biyu masu nisa ita ke nuna ko layi ya fara jigata. Idan agogon ɗayansu ya goce da maikirosakan 31, ya cinye duk kuskuren da ƙa'idar awon PMU, wato C37.118, ta yarda da shi. Mu ba ma sa hannu a takardar kammala aiki sai kuskuren agogon ya gaza maikirosakan 1.

Maigidan da ya koya mini ba ya gajiya da labarin 14 ga Agusta 2003, ranar da wuta ta ɗauke wa mutum wajen miliyan 50 a Amurka da Kanada, masu bincike suka sha wahalar jera abin da ya faru saboda agogunan na'urori ba su yi daidai da juna ba. Ranar da na kafa eriyata ta farko, mai kamo wa agogo saƙon taurarin, ina ta murna, ya hau rufin, ya tsaya inda take, ya ɗaga kai. "Yaro, zo ka duba. Me ka gani?" Na ce katanga, ranka ya daɗe. Ta tare rabin sama. Ya sa na kwance komai, sannan ya miƙo mini tef na auna wayar, domin kowace mita tana jinkirta saƙo da nanosakan 4 zuwa 5, wato kashi 4 zuwa 5 cikin biliyan na daƙiƙa, kuma dole a faɗa wa agogon tsawonta ya cire. Har yau da hannuna nake wannan awon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne agogunan araha da masu yin jabu suka cika kasuwa da su. Na taɓa samun wani a wata tasha, tsawa ta ƙona eriyarsa, amma fitilarsa kore shar, yana ta buga lokacin ƙarya a kan awon da injiniyoyi suka dogara da shi. Agogon kirki in saƙon taurari ya ɓace masa, yakan riƙe lokaci da abin da ke cikinsa, wato ƙaramin agogon sinadarin rubidiyam ko na dutsen kuwaz mai ɗumi, ya kuma sanar cewa shi kaɗai yake tafiya. Duk da haka mai saye zai zo yana cewa ai lokaci lokaci ne, a rage masa.

Na daina jayayya. Sai in jera nawa da nasa a kan tebur, in haɗa su da na'urar gwaji, in zare wayar eriya a gabansa, in jawo masa kujera ya zauna ya kalli allon.