Daga Jos zuwa bakin tekun Ada: hutun da muka yi a cikin tanti

Mun dawo Jos ranar Talata da daddare, kuma har yanzu yashi bai gama fita daga jakunkunan yara ba, don haka bari in rubuta tun abin bai huce ba.

Shawarar ƙanina ce. Yana harkar kayan gwari tsakanin Farin Gada da Legas, ya kuma saba leƙawa Gana. Shi ya ce tun da an ba yara dogon hutu, a kai su su ga teku da idonsu. Ya ce akwai wani wuri a Ada inda kogin Volta yake zuba cikin teku, ana kafa tanti a kan yashi a kwana. Da na faɗa wa Hajiyarmu sai ta dube ni ta ce, "Yanzu kai da gidanka da gadonka, ka kwashi iyali ka biya kuɗi don ku kwana a tanti? Allah ya raba mu da abin da zai kwanar da mu a tanti." Ban ga laifinta ba. Mutumin Jos in ya ji tanti, ko dai Mina ce ta faɗo masa a rai, ko sansanin waɗanda rikici ya raba da gidajensu. Tafiya kuma a wurinmu ta fatauci ce, ko ta biki, ko ta gaisuwar mutuwa. A ce mutum ya tashi takanas don ya huta, wannan sai a ce kuɗi ne suka yi masa yawa.

Hanyar Jos zuwa Legas ba ni da abin faɗa a kanta, kowa ya san ta. Daga Legas muka ɗauki shatar mota ta bi da mu Badagiri, muka nufi Seme. Iyaka uku ake tsallakawa kafin Gana: Seme zuwa Benin, Hillakonji zuwa Togo, sai Aflawo. A takarda abin mai sauƙi ne. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka amince ɗan wata ƙasa ya shiga wata ba biza har kwana 90, fasfo da katin allurar shawara kawai ake nema. Duk muna da su, har na auta.

A ɗaya daga cikin iyakokin nan ne muka haɗu da wani jami'i da ba zan manta da fuskarsa ba. Ya buɗe fasfunan yara, ya ga ba a taɓa buga musu hatimi ba, sai ya ce sabon fasfo yana da nasa kuɗin daban. Na ce, "Yallaɓai, to a ba ni rasit." Bai ce mini uffan ba. Ya tattara fasfunan namu ya danne su da gwiwar hannu, ya kira na bayana. Ya sallami mutum, ya sallami wani, ya sayi gyaɗa ta taga yana ci yana watsa ɓawon a ƙasa, mu kuwa muna tsaye a rana. Daga ƙarshe uwar yara ta matso ta ce, "Malam, don Allah ba shi, yaran nan sun galabaita." Na ba shi. Ya buga hatimin ko kallonmu bai yi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne babban ɗana yana tsaye yana kallon komai, kuma a mota ya tambaye ni ko haka dokar take.

Abin da ya sanyaya mini zuciya a iyakokin shi ne Hausa. Duk inda muka tsaya, masu canji da masu shayi da masu tsire da ita suke magana. Ka bar naira ka koma sefa, ka bar sefa ka koma sidi, amma "nawa ne gaskiya" ba ta canjawa. Togo kuwa ta ba yara dariya, don faɗinta a bakin teku bai kai kilomita 60 ba. Auta ya yi gyangyaɗi bayan mun shiga, ya farka muna Lome, Aflawo na manne da ita. A nan agogo ma ya koma baya da awa guda, saboda Togo da Gana suna bayanmu. Wayata ta gyara kanta, agogon hannuna bai gyara ba, shi ya sa a daren farko na tashi kowa sallar asuba gari bai ko yi niyyar wayewa ba.

Daga Aflawo muka tsallake Volta a gadar Sogakofe, mata na bin mota da soyayyen jatan lande da burodi, muka sauka a mararrabar Kase, daga nan sai Ada Fowa. Mota ba ta ƙarasawa sansanin. Kwalekwale mai inji ake shiga. Mai jirgin da ya ji Turancinmu na Najeriya sai ya yanka mana kuɗin da ya sa ƙanina ya ɗauki jaka ya juya kamar zai koma Jos a ƙafa. Aka yi ta ja, aka tsaya a wajen rabi, har da alkawarin zai zo ya ɗauke mu ranar komawa. Ya kuwa cika. Sai da ya tabbatar kowane yaro ya sa rigar ceto kafin ya tayar da inji, abin da ban taɓa gani a namu mashigai ba.

Wurin wani siririn tudun yashi ne dogo, cike da bishiyar kwakwa. In ka tsaya a tsakiya, hannun hagu kogi ne kwance shiru, hannun dama teku ce tana ruri, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna. Mu da muka taso a kan tudun da ya ɗara teku da mita kusan 1,200, babban ruwan da yaranmu suka sani shi ne dam ɗin Lamingo da kududdufan kuza da muke hana su zuwa. Da muka haura yashin suka hango teku, babu wanda ya yi ihu. Tsit suka yi. 'Yar tsakiyar ta kama mayafin uwarta ta ce, "Umma, ina ƙarshensa?" Auta ya tsuguna ya ɗanɗana ruwan da igiya ta kawo, ya tofar, ya ce wa ya zuba gishiri haka.

Masu sansanin suna da bukkoki na ganyen kwakwa, suna kuma ba da hayar tanti. Muka karɓi biyu, ɗaya na mata ɗaya namu. Katifa ce siririya a kan yashi, da gidan sauro. Wanka da bokiti, janareta na aiki 'yan awoyi da dare don cajin waya, daga nan sai fitilar sola. Uwar yara ta zagaya ta duba banɗakin, ta dawo ba ta ce komai ba, na san ma'anar shirun. Amma an share shi tas, kuma kullum sai an wanke.

Na zaci zafi zai dafa mu. Ashe watan Agusta a gaɓar Gana lokacin sanyi-sanyi ne, damina tana ɗan ɗagawa, ruwan tekun ma sanyi gare shi. Rigunan sanyin da muka sako don tashar Jos da asuba sun yi mana rana a bakin teku. Wanka a tekun kuwa tun ranar farko aka gargaɗe mu. Igiyar wurin tana da ja, in ta koma sai ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Don haka yara a gefen kogi suka yi ta wasan ruwa, tekun kuma iyakarmu idon sawu. Da magariba babban ya tambaya ko alwala ta yi da ruwan gishiri. Kafin in buɗe baki ƙanwarsa ta kawo masa hadisin da suka karanta a Islamiyya, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Shekaru suna haddace shi a garin da babu teku, sai ranar nan suka yi aiki da shi.

Daren wurin ne ya fi tsaya mini a rai. Mun shimfiɗa tabarma a waje bayan isha, ƙaguwa farare na ta gudu a kan yashi in an haska su, yara na bin su. Wajen sha ɗaya na lura ban taɓa waya don jin ko lafiya a gari ba, ban tashi na duba sakata ba, don tantin ma ba shi da sakata, zif ne. Wanda bai zauna a Jos a 2001 ko 2008 ko 2010 ba, ba lalle ya gane abin da nake nufi ba. Mun saba kunne ɗaya yana barci ɗaya yana sauraro. A nan ga mata da yara kwance a fili, cikin baƙin da ba mu san addininsu ko yarensu ba, kuma na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. In aka tambaye ni me na biya wa kuɗi, wannan ne, katifar ba ta kai ko kwatar abin da aka karɓa ba.

Maganar kuɗi kuwa, Gana ta yi tsada ga mai naira. Sidi ɗaya ya haura naira ɗari, saboda haka duk abin da aka faɗa sai in ninka a zuci, gabana ya faɗi. Farantin banku, tuwonsu na ƙullun masara, da gasasshiyar karfasa a ɗakin abincin sansanin, kuɗinsa ya isa cefanen yini a gidana. Muka ci sau ɗaya don a ce mun ci. Banku bai karɓi yara ba, tsaminsa ya yi musu yawa, amma baƙin yajin nan nasu, shito, har kwalba biyu muka sayo. Daga nan uwar yara ta fito da ɗan risho da shinkafa da dankalin Turawan da ta dage sai an taho da shi. Da ma akwai dalili na biyu: a kicin ɗin ana sayar da giya, kuma ba mu san me ake soyawa a kaskon ba.

Kifi kuma arha ya zo mana ta hanyar da ban zata ba. Da safe masunta suna jan wata doguwar raga daga gaɓa, mutum kusan talatin a kan igiya, suna waƙa suna ja da baya taku ɗaya-ɗaya. Duk wanda ya kama igiya yana da rabo. Ni da ƙanina da babban yaro muka shiga layi, muka ja har tafin hannuna ya yi ja wur. Da raga ta fito, robobi da leda sun kusa kai kifin yawa, abin ba daɗin gani. Wata dattijuwa da ke rabo ta zuba mana ƙananan kifi cikin butarmu, tana dariya tana nuna hannuna. Ranar Talata ba sa fita teku, al'adarsu ce, don haka mai son kifi ranar sai ya tanada tun Litinin.

Mai kwalekwalenmu ne ya nuna mana inda teku ta cinye. Ya ce akwai gidajen da ya sani yana yaro, yanzu wurinsu yana cikin ruwa. Ganuwar da Turawan Denmak suka gina a Ada a 1783 ma teku ta kwashe mafi yawanta. Wani ɓangare na dalilin yana can sama a Akosombo: tun da aka gama madatsar ruwan da aka yi a kan Volta a 1965, yashin da kogin yake kawowa gaɓa ya ragu, igiya kuwa ba ta daina ɗiba ba. An jibge manyan duwatsu a jere don tare ta.

Ranar Juma'a muka haye gari neman masallaci. Bayan sallah wani dattijo mahauci ya ji Hausarmu, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, daga ina?" Da na ce Jos, sai ya ce babu inda za mu sai mun ci abinci a gidansa. Ya aika a ɗauko su uwar yara da kuɗin jirginsa. Aka kawo tuwo da miyar ayoyo, da shinkafa da wake irin nasu mai ja. Kakansa daga Kano ya zo fataucin goro ta Salaga, shi kuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Hausarsa ba ta bambanta mace da namiji, "ya zo" yake ce wa matarsa, yara na ta danne dariya ina harararsu. Ya ba mu labarin 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta kori baƙi, yadda rabin danginsu suka tafi ba su dawo ba. Sai ya hango jakarmu mai layi-layi a bakin ƙofa, ya ce, "Ku ma ai kun rama a 1983." Muka yi dariya, amma ni kunya ce ta kama ni, don a shekarar ce Najeriya ta kori 'yan Gana. Da za mu tafi na saka hannu a aljihu, ya ɓata rai ya ce, "Baƙon nawa?" Har da ƙullin gishirin tafkin Songo da ke kusa da su ya ba uwar yara.

Mutanen wurin suna da ladabi, komai sai sun haɗa da roƙo, kuma ba sa son hayaniya a ciniki. Mu ne masu ɗaga murya. Abin da bai yi mini ba shi ne daren Asabar. Matasa suka cika wurin daga Akara, aka hura wuta, aka saki kiɗa har kusan asuba, ga shigar wasu ba ta gaban yara ba ce. Mai zuwa da iyali ya zo Litinin ya bar wurin kafin Asabar. Ya kuma lura da makon farko na Agusta, lokacin bikinsu na Asafotufiami, garin cika yake yi.

Akara kilomita ɗari ce da 'yan kai daga Ada. Mun kwana a unguwar Nima wurin abokin cinikin ƙanina, mun sha koko da ƙosai kamar a gida, mun yi sallah a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka taimaka aka gina aka buɗe a 2021. Uwar yara ta shiga kasuwar Makola da niyyar atamfa, ta fito da turmi ɗaya tana mita.

Dawowa babu labari, sai gajiya. A iyakar nan ba mu tarar da mutumin ba, fasfunan ma sun riga sun tsufa. Motar Legas ta lalace mana bayan Lokoja, muka shigo Jos ana yayyafi.